Wayar da Na Buga Ranar Alhamis

Litinin, 6 ga Nuwamba, goma da rabi na safe

Na sayi littafin nan ne don in riƙa tara kalmomin Koriyanci. Tun watan Agusta shafi uku kawai na cika. Bari in yi wani amfani da sauran.

Babu wanda ya yi mini faɗa. Da faɗan aka yi, da na san inda na tsaya. Ranar Asabar na shiga makaranta na sunkuya wa Darakta Han kamar kullum, shi ma ya sunkuyar da kai, har ya tambaye ni ko na ci abinci. Amma kafaɗata yake kallo, ba fuskata ba. A ɗakin malamai na tarar an manna sabon jadawali. An cire ni daga ajin manya masu shirin jarrabawar shiga jami'a, an mayar da ni wurin 'yan shekara takwas.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a sakandare a Jos, shekara biyu kuma a wannan makarantar darasin yamma ta 'yan Koriya a unguwar Flushing, inda ni kaɗai ce ba tasu ba. Yau ni ce mai koyar da lissafin sau bakwai.

Sujin, ɗalibata ta ajin manya, tana asibiti. Iyakar abin da na sani ke nan.

Talata, 7 ga Nuwamba, tara na safe

Halmoni, tsohuwar da nake haya a saman benenta, ta ji labari. Cocinsu ɗaya da iyayen Sujin, kuma kowace asuba tana can. Da, kullum sai ta tare ni a bakin ƙofa ta ja mini rigar sanyi ta rufe mini wuya, tana mita da yarensu. Yau da ta ji saukowata sai ta shige kicin ta kunna famfo.

Na gaji da lura. Tun da na zo unguwar nan aikina ke nan. Silifar ɗaki dabam, ta banɗaki dabam. Kada ki miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, kada ki ɗauki cokali kafin shi, kada ki rubuta sunan yaro da jan biro. Duk na koya. Wasu ma ba baƙi ba ne a wurina, mu ma haka aka rene mu a Pankshin. Har na daina dafa miyar daddawa saboda ta ce warin yana sauka mata, alhali nata waken da take jiƙawa a tulu ya fi tawa daddawar ƙarfi. Na fara ɗauka na iya zama da mutanen nan. Ashe akwai dokar da ba a nuna mini ba sai da na taka ta.

Laraba, 8 ga Nuwamba, biyu saura kwata, a shagon burodi

Yuna ta ce mu haɗu a nan kafin aiki, ba a makaranta ba. Ita ce malamar Turanci, a nan Queens aka haife ta, kuma ita kaɗai take kirana onni, wato yaya. Ta zaɓi teburin can ciki ta juya wa taga baya.

Ta ce iyaye mata suna da wani zaure nasu a waya, kuma tun Juma'a ba a sauka daga maganata ba. An cire yara huɗu daga makarantar. Wai abin da ya fi ci musu rai shi ne motar gaggawar da ta tsaya a ƙofar gidan su Sujin tana walƙiya, maƙwabta na leƙe, saura kwana biyu jarrabawar da yarinyar ta yi shekara uku tana wahala dominta.

"Onni, ba wanda ya ce ƙarya kika yi," in ji ta. "Amma Darakta ya ce miki zai yi magana da uban da kansa. Shekararsa sittin da biyar, dattijo ne a coci. Kika wuce shi a kan matattakala ba ki ce uffan ba, kika fita titi kika buga waya, direban motar yara yana tsaye yana kallo."

Na tambaye ta ita da me za ta yi. Ta juya kofinta. Ta ce ba ta sani ba, kuma ta gode wa Allah ba ita yarinyar ta tsaya wa ba.

Ba mu fita tare ba. Ta roƙe ni in ba ta minti biyar ta riga ni isa.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, biyar saura kwata na yamma

Mako ɗaya. Tun yanzu gari ya yi duhu.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Ban yi barcin kirki ba. Bari in rubuta ko zai sake ni.

Ranar Alhamis ɗin, an tashi ƙarfe shida. Kowa ya fita, Sujin ta tsaya tana goge allo, ba wanda ya sa ta. Shekararta goma sha shida, kullum ita ce ta ɗaya, kullum hannun rigarta ya rufe mata yatsu, kuma ba ta taɓa haɗa mini kalma biyar a jere ba. Ta goge allon sau biyu. Sai ta ce, "Malama, in na nuna miki wani abu, za ki yi alkawari ba za ki gaya wa kowa ba?"

Na ce na yi alkawari. Ko tunani ban yi ba.

Ta buɗe jakar fensirinta. Abin da ke ciki ba zan rubuta shi ba. Ta faɗa mini ranar da ta zaɓa ta bar duniya, da irin muryar da take ba ni amsar lissafi. Sai mahaifiyarta ta danna ham ɗin mota daga ƙasa, ta zuge jakar, ta sunkuya mini, ta tafi.

Na je na gaya wa Darakta, ya saurare ni har ƙarshe. Ya cire tabarau ya ce yara sukan yi irin wannan magana in jarrabawa ta matso, shi ya san gidan shekara ashirin, a bari Asabar ta wuce zai zauna da uban. Ya ce irin wannan a cikin gida ake gyara shi. Ya biyo ni har matattakala yana maimaitawa.

Lambar kiran gaggawar tana manne a bangon ɗakin malamai tun zuwana, har ta koɗe. Daidai gaban teburina take, shi ya sa na haddace ta ba da niyya ba.

Sauran kowa ya sani.

Asabar, 11 ga Nuwamba, biyar na yamma, cikin jirgin ƙasa layi na bakwai

Na je Harlem wurin Zalika ta yi mini kitso, ko da yake na kaina bai tsufa ba. Hausa nake so in ji. Ita 'yar Maraɗi ce, shekararta ashirin a garin nan, babu abin da ba ta gani ba. Na ba ta labari kaina yana tsakanin gwiwoyinta, don haka ban ga fuskarta ba.

"To, ɗiyar tana da rai?"

Na ce tana da rai.

"Shi ke nan. Mi kike so kuma, Malama, a ba ki lambar yabo? Ni ma da wata ta kira mani hukuma kan ɗiyata ba ta shaida mani ba, wallahi sai in shekara ban gaishe ta ba. Amma ina hushin ɗiyata na gabana."

Ta ce in bar wannan lakwal ɗin, wato makarantar, in nemi wata. Na tuna mata takarduna. Izinin aikina da sunan makarantar yake, watan gobe zai ƙare, takardar sabuntawa kuma tana kan teburin Darakta tana jiran hannunsa. Sai ta ci gaba da kitso. Ta ja gashin da ƙarfi, har yanzu goshina zafi yake. Da zan fita ta cusa mini dambun zogale a leda.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, tsakar rana

Ban je coci ba.

Talata, 14 ga Nuwamba, shida da kwata na yamma

'Yan shekara takwas ba su iya ɓoye magana ba tukuna. Muna tsakiyar darasi wata 'yar mitsitsiya mai suna Dabin ta ɗaga hannu, na zaci amsa za ta bayar. Ta ce mamanta ta ce kada ta gaya mini komai na gidansu. Sauran suka zuba mini ido.

Na ce ta bi maganar mamanta, kowa ya buɗe shafi na arba'in. Na juya ga allo na rubuta sau takwas tun daga sama har ƙasa, a hankali, sai da fuskata ta dawo daidai.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, takwas na safe

Mako biyu.

Da tana raye, da yau ƙanwata Alisabatu ta cika shekara talatin da huɗu. Mama ta kira daga Pankshin, muka yi maganar dankali da ciwon ƙafarta da rufin coci da iska ta ɗaga. Ba ta ambata ba, ni ma ban ambata ba. Shekara goma sha biyar ke nan muna yin wannan wayar a wannan rana.

Alisabatu ma ta ce kada in gaya wa Mama. A bayan ɗakin girki ne, tana tsince acca. Ita na riƙe mata alkawarin.

Asabar, 18 ga Nuwamba, tara na safe

Jiya bayan an tashi Darakta ya kai mu cin abinci, malamai duka. Ba a ƙin zuwa irin wannan. Muka zauna bisa ga shekaru, shi a tsakiya, ana gasa nama a kan teburin. Da, ni yake tsokana, ya naɗe nama a ganye ya miƙo mini, ya ce 'yar Afirka ta fi su iya cin barkono. Jiya hannunsa tsallake ni yake yi.

Da kofinsa ya ƙare na ɗauki kwalba da hannu biyu zan zuba masa, yadda aka koya mini. Ya ɗora tafinsa a bakin kofin ya ce ya isa. Ba a yi minti biyu ba malamin kimiyya ya zuba masa, ya karɓa.

Kowa ya gani, kowa ya ci gaba da tauna. Na zauna har aka tashi, don ƙarami ba ya riga babba tashi. Na ci abin da aka sa mini. Ban san ɗanɗanonsa ba.

Na gaji.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Na shiga babban kantinsu sayen shinkafa. A wurin kifi na hango mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran da aka cire, ta juya keken kayanta ta bi wani layin. A wurin biyan kuɗi kuma wata da ban ma san sunan ɗanta ba ta matso kamar za ta ɗauki leda, ta matse mini damtse sau ɗaya, ta wuce ba ta kalle ni ba. Na rasa wanne ya fi nauyi. Na manta shinkafar a kan kanta, sai da yarinyar ta biyo ni da ita.

Litinin, 20 ga Nuwamba, sha biyu da rabi

Lauyar da ke bin takarduna ta kira. In ba a sa hannu kafin takwas ga Disamba ba, sai in fara haɗa kaya. Na sauko da akwatuna biyun daga saman kabad na duba. Ɗaya zik ɗinsa ya lalace.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, biyar da rabi na yamma

Yau hutu ne, duk gari ana cin talotalo. Ƙarfe bakwai na safe na ji Halmoni tana dukan silin da sandar tsintsiya. Na sauko da gudu na zaci faɗuwa ta yi. Na same ta a gareji tsakanin kabeji arba'in da ta jiƙa da gishiri tun jiya. Ta miƙo mini safar hannu ta roba ta nuna mini kujera 'yar tsuguno. Maganarta ta farko ke nan da ni cikin kwana goma sha shida, kuma ba da baki ta yi ta ba.

Kimci na shekara ake yi, wato kabejinsu mai yaji da ake ajiyewa. A ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya a shafa masa haɗin barkono da tafarnuwa da citta, a naɗe, a danna a bokiti. Ta kwance nawa guda uku na farko ta sake. Bayana ya riƙe, hancina na zuba. Can wajen sha ɗaya ta yago ganye ta naɗe ta tura mini a baki da hannunta, ta tsaya sai da na haɗiye.

Turancinta guntu-guntu ne. Ta ce Sujin ta dawo gida ranar Talata. Na ci gaba da shafa barkono.

Sai ta ce, "Ke ƙarama. Shi babba. Ki je ki ce ya yi haƙuri."

Na ce, "Halmoni, ban yi laifi ba."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Na sani. Shi ma ya sani. Shi ya sa shi ba zai iya zuwa ba. Ke ki je."

Muka gama ƙarfe uku. Ta ba ni bokiti ɗaya, bai shiga firjina ba, yana kan tagar banɗaki.

Asabar, 25 ga Nuwamba, goma na safe

Kwana biyu ina juya maganar. Ba zan ce na yi nadamar wayar ba, ko da gobe za a sa ni a jirgi. Amma matattakalar tana damuna. Da Babana ne yake magana wata ƙaramar malama ta raɓa shi ta wuce kamar ba mutum ba, da ni ce ta farko da zan ce ba ta da tarbiyya. Zan iya tsayawa in ce masa, ranka ya daɗe, ni dai zan kira. Daƙiƙa biyar ne. Ban tsaya ba don na ji tsoron in na tsaya zai shawo kaina.

Na sa Yuna ta koya mini jimlar ban haƙuri da yarensu ta waya. Doguwa ce, harshena yana ta harɗewa.

Litinin, 27 ga Nuwamba, uku saura minti goma

Na je kafin yara su zo, da kwalin 'ya'yan itace irin wanda suke kai wa manya. Na miƙa da hannu biyu, na sunkuya sosai, na faɗi jimlar. Sannan na ƙara da Turanci cewa haƙurin na matattakala ne, da na wuce shi ban ce masa ga inda za ni ba. Wayar kuwa, in aka sake zan sake bugawa.

Ya kalli kwalin. Sai ya ce in zauna, ya tashi ya dafa shayi da kansa. Ya ce uban Sujin ya kawo masa jakar fensirin ya gani.

"Kin ce mini Juma'a ta zaɓa," in ji shi. "Na ji ki sarai. Na ce a jira Asabar."

Muka shanye shayin. Ya ce ajin manya ba zai iya mayar mini ba, iyaye ba za su yarda ba, kuma wasunsu ba za su taɓa yarda ba. Bai yi maganar takarda ba, ni ma ban yi ba.

Laraba, 29 ga Nuwamba, uku da rabi

Ambulan a durowata da takardar sabuntawa a ciki, an sa hannu a duk wuraren uku. Babu ko 'yar wasiƙa. Na zaci zan yi murna. Na je na wanke fuska na koma wa sau tara.

Juma'a, 1 ga Disamba, bakwai saura kwata na yamma

Da na fito na ga motar su Sujin a gefen titi. Maman Sujin, su ma da sunan ɗa suke kiran uwa kamar mu. Ta sauke gilashi ta ce in shigo, akwai sanyi. Motar tana ƙanshin guga, shagon wanki suke da shi. Fatar yatsunta duk ta tsattsage.

Ba ta gode mini ba, ba ta zarge ni ba. Titi take kallo. Ta ce likita ya tambayi Sujin wa take so ta gani, ta ce ba kowa. Bayan kwana uku ta ce ni.

"Ta ce tana da abin da za ta faɗa miki. Ina jin ba mai daɗi ba ne. Za ki zo?"

Na ce zan zo.

Asabar, 2 ga Disamba, shida na yamma

Na cire takalmi a bakin ƙofa, uwar ta raka ni sama ta koma. An kwashe littattafan an zuba a kwalaye a bayan ƙofa. Sujin tana zaune a kan gado ta rungume gwiwa, an rage mata gashi, ta ɗan yi kumatu. Ba ta tashi ba, ba ta sunkuya ba. Babu kujera, sai na zauna a ƙasa.

"Kin yi mini ƙarya."

Na ce haka ne.

Ta ce kwana goma sha tara aka riƙe ta, kowa a coci ya sani, ƙawayenta suna yi mata magana a hankali kamar mai shirin fashewa, babanta kuma ba ya iya haɗa ido da ita. Ta faɗi duka ba ta ɗaga murya ba. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta ce ta tsane ni. Na ce na ji.

"Ba za ki ba ni haƙuri ba?"

Na ce a'a.

Sai ta tambaye ni ko na san abin da ya sa ni ta nuna wa. Na ce ban sani ba.

"Don ke ba 'yar nan ba ce. Na ɗauka ba ki da wanda za ki gaya wa." Ta ja bargo ta rufe ƙafa. "Ko kuma na san za ki faɗa ne. Ban sani ba. Likita ma sai tambayata yake."

Uwar ta shigo da lemu a faranti ta ajiye ta fita. Ba wanda ya taɓa. Sujin ta kwanta ta juya wa bango fuska, na zaci kuka za ta yi. Can sai na ji numfashinta ya canja. Barci ne. Uwar ta leƙo, ta ga haka, ta toshe baki da hannu ta yi mini alama kada in motsa. Na zauna. Ƙafata ta mutu, bayana da kabejin Halmoni ya riƙe ya dawo sabo. Awa ɗaya da minti arba'in ina kallon agogon bango.

Da ta farka ta juyo ta ce, "Har yanzu kina nan?"

Na ce ina nan.

"Har yanzu ina jin haushinki."

Na ce ba komai, ta ci gaba da ji, babu sauri.